Daga Kallon Kyauta Zuwa Kallon Biya: Sharhi a Kan Tsarin Dandalin Finafinan Hausa ta Fuskar Mai Kallo a Jega da Aliero da Maiyama

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan dabarun da masu dandalin nuna finafinai a intanet suke bi domin su mayar da mai kallon kyauta ya zama mai biyan kuɗi. Da muka ce dandali, muna nufin manhaja ko shafin intanet inda ake tara finafinai, mutum ya shiga da wayarsa ya kalla, wa imma kyauta, wa imma bayan ya biya kuɗin rajista na wani wa'adi. Wannan magana ta shafi manazarcin adabi kai tsaye, domin kuwa hanyar da mai fasaha yake samun abincinsa ita ce take yanka wa fasaharsa riga. Idan fim bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba, to, marubucinsa da 'yan wasansa za su nemi wata sana'a, ko kuwa su lanƙwasa labarin ya bi inda kuɗin yake.

Mun zaɓi mu dubi al'amarin ta fuskar mai kallo a garuruwa uku na masarautar Gwandu cikin Jihar Kabi, watau Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda suke jere a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri. Jega gari ne na kasuwanci tun zamanin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, kasuwarsa kuwa ta yi suna a daular Sakkwato. Aliero ta shahara da noman albasa, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a can a shekarar 2006. Maiyama kuwa ƙasar manoma ce. Saboda haka a ɗan wannan tsakani muna da ɗan kasuwa da ɗalibi da manomin rani da manomin damina, kowannensu da yadda kuɗi yake shigo masa. Abin da muke son mu tabbatar shi ne cewa rabon da ake yi wa masu kallo gida biyu, mai biya da mai cin banza, rabo ne da aka aro daga waje, kuma bai dace da halin waɗannan mutane ba.

2.0 Waiwaye

Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, shi ne ya buɗe wa finafinan Hausa na bidiyo kasuwa. Daga nan har shekaru kusan ashirin, hanyar cinikin a fili take. Mai shirya fim ya kai wa 'yan kasuwar Bata ko Ƙofar Wambai a Kano, dillalai su saro kaset, daga baya faifai, su rarraba har ya iso shagunan haya na garuruwa irin su Jega. Wanda ba shi da akwatin kallo a gida ya biya 'yan kuɗi kaɗan a ƙofar gidan kallo. A duk waɗannan matakai kuɗi yana fita daga aljihun mai kallo, wani kaso nasa yana komawa Kano, ko da yake masu satar fasaha suna yi wa hanyar ɓarna, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008.

Yaɗuwar babbar waya da katin memori ita ce ta karya kasuwar faifai. Sai wata sabuwar sana'a ta ɓullo, ta masu tura finafinai a waya, waɗanda galibi suke haɗa ta da cajin waya a rumfa ɗaya a bakin kasuwa ko tasha. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. A 2019 aka buɗe Northflix a Kano ƙarƙashin jagorancin Jamilu Abdussalam, daga baya Kallo.ng ta biyo, ita ma Arewa24 ta fito da manhajarta ta kallon biya. A 2020, shekarar kullen annobar korona, Izzar So ya fara fita a YouTube, Labarina na Aminu Saira kuwa ya fara a Arewa24 kafin ya koma YouTube. Daga wannan lokaci ne masu dandalin biya suka sami kansu suna tallar abin da maƙwabcinsu yake rabawa ba tare da ya karɓi ko kwabo ba.

3.0 Wane Ne Mai Kallon Kyauta?

Kafin a tsara hanyar jawo mutum, wajibi ne a san ko wane ne shi. A lissafin masu dandali, mai kallon kyauta shi ne wanda sunansa bai fito a littafin masu biya ba. Amma idan muka bi sawun kashi ɗaya na fim daga Kano har zuwa wayar wani matashi a Maiyama, za mu tarar an biya kuɗi aƙalla a wuri biyu. In ya kalla a YouTube, ya sayi data, awa guda ta kallo kuwa tana iya cin kusan rabin gigabait idan hoton matsakaici ne. In bai yi haka ba, ya biya mai tura fim. Sa'an nan a kowane hali ya biya mai caji, tunda wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, abin da ya ƙara wa wannan kallo tsada.

Ashe ke nan banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin nan yana biya, sai dai kuɗin nasa yana tsayawa a hannun kamfanin waya da mai rumfa, ba ya kaiwa ga wanda ya rubuta labarin. Wannan ya canza tambayar baki ɗaya. Ba a bukatar a koya wa mutumin Jega biyan kuɗin nishaɗi, domin kakanninsa sun yi wa makaɗa kari, iyayensa sun biya kuɗin hayar kaset. Abin da ake bukata shi ne a tsara dandalin ta yadda wani kaso na kuɗin da yake kashewa tun can zai canza hanya. Duk tsarin da ya ce masa ya biya rajista a kan data da caji, ya ɗora masa kaya na uku ne, alhali mai rumfa yana ba shi fim ɗin da araha.

4.0 Dabarun Jawo Mai Kallo

4.1 Ɗanɗano

Dabara ta farko ita ce a buɗe wa mutum wani yanki kyauta da fatan in ya ji daɗi zai saya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, don mai kilishi da mai tsire sun daɗe suna miƙa ɗanɗano. Amma ɗanɗano yana da sharuɗɗa biyu: ya kasance daga ainihin kayan da za a sayar aka yanko shi, kuma kada ya kai ga ƙosarwa. Netflix ta gwada wannan a ƙasar Kenya a watan Satumba na 2021, inda ta buɗe wa masu wayar Android kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na finafinanta kyauta, ba talla. A watan Nuwamba na 2023 ta rufe wannan ƙofa. A ganinmu darasin a fili yake: wanda aka ba shi abin da zai ishe shi kallo shekara da shekaru, an ba shi tuwo ne, ba ɗanɗano ba. Kishiyar wannan kuskure kuma ita ce a zuba tsofaffin finafinan da kowa ya gani a ɓangaren kyauta, a ɓoye masu kyau, har baƙo ya fita yana zaton abin da ke ciki ke nan.

4.2 Katanga a Tsakiyar Labari

Dabara ta biyu ita ce a bar mai kallo ya shiga labari, sai ya kai inda zuciyarsa ta rataya, a tare shi da neman kuɗi. Mu ma mun san wannan tun zamanin littattafan soyayya na Kano da ake rabawa na ɗaya da na biyu da na uku. Har ila yau marubuta mata na intanet suna bin ta da nasara: sukan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, sa'an nan mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira a sa shi a zauren masu biya. Abin lura a nan shi ne, marubuciyar takan faɗi tun a shafi na farko cewa littafin na kuɗi ne, ga farashinsa, ga inda kyauta za ta ƙare. An yi ciniki ke nan kafin a ɗauki kaya. Amma dandalin da ya yi shiru har sai da mutum ya ƙona datarsa a kashi huɗu ko biyar kana ya rufe masa ƙofa, ya yi abin da ɗan kasuwar Jega zai kira algus. Mutumin da ya ji an yi masa wayo ba ya zuwa neman katin banki, rumfar mai tura fim yake nufa.

4.3 Wa'adin Wata

Dabara ta uku, wadda muke ganin ita ce babbar matsala, ita ce kuɗin wata-wata. Rahotannin 2020 sun nuna cewa Northflix ta fara ne da tsarin biyan kuɗin kowane fim, sa'an nan ta koma karɓar naira 1,500 a wata, masu rajista kuma suka ƙaru ƙwarai a lokacin kulle. Wannan ya yi daidai da halin mutanen birni da aka tsare a gida. To, amma wata ma'auni ne na mai albashi. Ɗan kasuwar Jega da abin da ya samu yau yake cefanen yau. Manomin albasa a Aliero yakan zuba abin hannunsa a gona tsawon watanni, kuɗi ba ya shigo masa sai ya cire albasa ko ya fitar da wadda ya adana lokacin da ta yi daraja. Manomin Maiyama yana da kuɗi da sukuni da kaka, da damina kuwa ba shi da ko ɗaya. Ɗalibi yana cikin gari wani zango, yana gida wani zango. Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da rayuwarsa take juyawa a kan kwana talatin.

Kasuwa ta daɗe da gane haka, shi ya sa ake sayar da hatsi da buhu da tiya da gwangwani, ake ƙulla sukari da man gyaɗa a leda. Kamfanonin waya ma da suka ga haka sai suka fito da datar yini da ta mako, StarTimes kuma ta shigo da biyan kuɗin kallo na yini. Dandalin fim da ya tsaya a kan wata kaɗai ya zama kamar mai hatsin da ya rantse ba zai sayar ba sai da buhu. Bugu da ƙari, cire kuɗi kai tsaye daga asusun mutum duk ƙarshen wata ba tare da an tambaye shi ba, wanda a Turai da Amurka ake ɗauka sauƙaƙawa ne, a nan tsoro yake jawowa, domin mutane sun sha ganin kuɗinsu yana raguwa a banki da layin waya ba su san dalili ba.

4.4 Hanyar Biya da Harshen Manhaja

Ko mutum ya yi niyyar biya, sai ya haye wasu gadoji. Akan nemi adireshin imel, da kalmar sirri, da lambar katin banki, galibi duk cikin Turanci. Abin mamaki ne a ce fim na Hausa, mai kallo Bahaushe, amma ƙofar shiga da wani harshe. Matan aure, waɗanda su ne ƙashin bayan masu kallon finafinan Hausa tun zamanin kaset, da yawansu yaro suke aika ya yi musu sayayya, yaro kuwa ana iya aikensa rumfa da kuɗi a hannu, amma ba a aikensa da kalmar sirri. Ga dandalin ƙasashen waje abin ya fi haka wuya, tunda tsakanin 2022 da 2025 bankuna da dama sun tsayar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a waje.

Labarin iROKOtv abin tunawa ne a nan. Jason Njoku ya fara da nuna finafinan kudu kyauta a YouTube a 2010, ya buɗe dandalinsa a 2011, daga bisani ya koma tsarin biya. Da ya ga tsadar data tana korar mutane, sai ya mai da hankali ga manhajar sauke fim a waya, har ya kakkafa rumfuna a Legas inda ake zuba wa mutane fim ba tare da data ba. Duk da haka a 2020 kamfanin ya rage ma'aikata, ya juya ga masu kallo na ƙasashen waje. Wasu za su ce wannan hujja ce cewa rumfa ba ta da amfani. Mu kuwa muna ganin bambanci: shi ya gina rumfunansa ne da kuɗinsa yana biyan albashi, alhali a garuruwanmu rumfunan suna nan tun tuni, masu su suna ci da kansu.

5.0 Tasirin Tsarin a Kan Zubin Labari

A nan ne maganar ta dawo fagen adabi. A YouTube mai tasha yana samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka sa a bidiyonsa, kuɗin kuma yana ƙaruwa da yawan kallo da tsawon zaman mai kallo. Tallar da aka nuna wa mai kallo a Nijeriya ba ta kai darajar wadda aka nuna wa na Ingila ko Saudiyya ba, don haka sai an tara kallo mai ɗimbin yawa kafin a ga abin kirki. Sakamakon haka a bayyane yake a cikin yawancin shirye-shirye masu dogon zango. Labarin da zai ƙare a kashi goma sha uku akan ja shi zango bayan zango. Akan maimaita zance ɗaya a bakin mutum uku, a tsawaita gaisuwa da tafiya a mota, a cusa tallar magani ko ta atamfa a tsakiyar baƙin ciki. Akan ƙulla rikici a ƙarshen kowane kashi, a warware shi da gaggawa a farkon na gaba domin a sami wurin ƙulla wani.

Ba muna cewa babu gwaninta a cikinsu ba. Labarina ya nuna cewa ana iya riƙe zaren labari da ingancin hoto a wannan fage, Izzar So kuma ya tabbatar da cewa jama'a za su yi jiran mako-mako. Abin da muke cewa shi ne, tsarin talla yana saka wa tsawo, ba ya saka wa kammala. Tatsuniya tana da ƙurunƙus, kuma ƙurunƙus ɗin nan shi ne yake ba ta ma'ana. Tsarin biya, in an gina shi da kyau, shi ne zai iya sayo wa marubuci 'yancin ya rufe labarinsa inda ya dace, domin mai biyan kuɗin zango guda cikakken labari ya saya. Haka kuma shi ne zai iya buɗe ƙofa ga labaran da ba na Kano ba. Mutumin Kabi yana da karin harshensa, da tarihin Kanta da Surame, da rayuwar masunta da manoman fadama, amma da wuya ya ji muryarsa a fim sai a bakin ɗan wasan barkwanci. Mutane dubu kaɗan masu biya suna iya ɗaukar nauyin irin wannan fim, wanda a kasuwar talla ba zai kai labari ba.

6.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, muna ba da shawarwari biyar. Na farko, a faɗi farashi da iyakar kyauta tun a bakin ƙofa, da Hausa, a rubuce da kuma murya saboda wanda bai yi boko ba. Na biyu, a sayar da awo-awo: kashi ɗaya, yini ɗaya, mako ɗaya, zango ɗaya, tare da rangwame ga mai biyan watanni da yawa lokacin kaka ko cire albasa, kuma kada a taɓa kuɗin mutum sai ya ce a taɓa. Na uku, lambar waya ta isa rajista, a karɓi kuɗi ta katin waya ko ta hannun mai POS. Na huɗu, a ɗauki masu tura fim a matsayin dillalai masu la'ada, su zuba wa mutum fim a rufe ba tare da data ba, manhaja ta buɗe shi bayan ya biya, domin da ɗan gari akan ci gari. Na biyar, a yi wa mai biya gyara kamar yadda mai awo yake yi wa abokin cinikinsa: ya riga kowa ganin sabon kashi da kwana biyu ko uku, ba talla, kuma a bar shi ya haɗa mutanen gidansa a rajista ɗaya, tunda a gidajenmu waya ɗaya mutum biyar take yi wa aiki.

Muna sane da cewa za a ce duk fim ɗin da ya shiga waya sai an sace shi. Gaskiya ne, babu makullin da ba a karyawa. Amma ɓarawon fasaha yana cin kasuwa ne saboda ya fi kusa, ya fi araha, kuma ba ya tambayar kalmar sirri. Ranar da mai rumfa ya ga la'adar halal ta fi masa kwanciyar hankali, shi da kansa zai zama mai gadin kayan.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa mai kallo a Jega da Aliero da Maiyama ya daɗe yana biyan kuɗin fim, sai dai kuɗin ba ya isa ga masu fim. Mun duba dabaru huɗu na jawo shi, muka ga cewa ɗanɗano da katanga suna da asali a cinikinmu na gargajiya in an kiyaye sharuɗɗansu, amma wa'adin wata da katin banki an yanka su ne a jikin mai albashi. Mun kuma nuna cewa hanyar biya tana shiga har cikin zubin labari. Muna kira ga ɗalibanmu na sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta, musamman waɗanda suke Aliero da Birnin Kabi da Sakkwato, da su shiga rumfunan nan su ƙididdige abin da ake turawa da abin da ake biya, domin a kan irin wannan ƙididdiga ne za a iya gina dandalin da zai zauna da gindinsa. Allah ya sa mu dace.